Ƙarfe Huɗu da Rabi a Busan

Ƙarfe huɗu da rabi, Busan na barci,
tashar jiragen ruwa ce kaɗai ke tari.
Na sauko matakala ɗari da sha tara
daga ɗakin hayar da ya rage mini,
takalmi a hannu, kada mai gida ta ji.

Ni ne Pyo Man-sik. Dā ina da shago
a layi na uku na kasuwar kifi,
firiji biyu, yaro ɗaya,
sunana a allo da jan fenti.
Yanzu wani ke sayar da taliya a wurin.
Ya shafe sunan, amma in ruwa ya jiƙa allon
harafin farko kan leƙo.

Ba asarar ce ke hana ni barci ba,
kuɗin Gil-ja ne,
yayata, mai shekara ashirin da shida tana feɗe kifi
har yatsunta suka ƙi miƙewa.
Na ce mata wata shida. Na rantse da kabarin uwarmu.
Ta miƙo hatiminta a ƙulle cikin hankici,
ko takardar ba ta karanta ba.

Tun daga ranar waya ta zame mini kunama a aljihu.
In ta motsa, sai cikina ya ɗuri ruwa.
Na koyi duk lungun da ba ya bi ta ƙofarta.

Cocinmu yana saman kantin magani,
jan gicciye na ci a kan rufi,
rabin fitilarsa ya mutu tun bara.
Na zauna can baya, kusa da tulin lema.
Aka rage wuta. Kowa ya ɗaga murya lokaci guda
kamar ruwan sama a kan kwano:
mai kiran sunan ɗa, mai kiran sunan cuta,
wani tsoho yana dukan benci da tafin hannu.
Ni kuwa bakina ya ƙi.
Me zan faɗa wa wanda ya riga ya ga takardar?

Sai tsohuwa Ok-bun ta taɓa molonta mai iska,
wanda maɓalli ɗaya ya daina magana,
duk inda waƙa ta kai wurin sai ta faɗa rami,
jama'a su ɗauke ta da murya su tsallake.
A ramin nan na shiga.
Ban ce ka biya mini ba, ban ce ka ɓoye ni ba.
Na ce: Yesu, kai mai tsarki ne.
Na sake faɗa. Muryar ta fito da tsatsa.
Karo na farko cikin wata goma sha ɗaya
na furta magana wadda ba ni ne a tsakiyarta ba,
kuma ba ƙarya ba ce.

Benci biyu a gabana, na gane wuyan rigar.
Hannuwanta a sama, yatsun a lanƙwashe,
ko don Allah ma ba su miƙe ba.
Tana rera abin da nake rerawa.
Ƙofa na nan a hagu. Na dube ta. Na zauna.

Da aka tashi, ta tarar da ni ina neman takalmi.
Ba ta ce ta yafe ba.
Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ce, ka rame.
Ta ce, akwati arba'in ne za a sauke yau,
bayana ya ƙi.

Bashin na nan, ko sisi bai ragu ba.
Gari ya soma fari a kan teku.
Tana gaba, ina biye,
ƙanƙara na narkewa a kwatar kasuwa,
ragowar waƙar na makale a haƙorana.